Filin Tambaya da Amsa: Nahawun Holanci da Abin da Ya Shafe Mu a Cikinsa

Wasiƙun wannan fitowa duk daga Saudiyya suka zo, kuma duk a kan Holanci suke, wato harshen mutanen Holan da arewacin Beljiyam da Surinam. Mun gajarta wasu saboda ƙarancin fili.

Assalamu alaikum Malam. Ina digiri na biyu a kimiyyar harshe. Kusan duk littafin ginin jimla da aka ba mu sai mun tarar da misalin Holanci a ciki. Harshen da masu shi ba su kai Hausawa yawa ba, me ya kai shi wannan matsayi? (Ɗalibi, Jidda)

Wa alaikumus salam. Gaskiyarka ɗan'uwa, waɗanda suka tashi da Holanci a baki wajen miliyan 24 ne, Hausawa sun fi su nesa ba kusa ba. Aikatau na harshen ne ya ja masana, domin ba ya zama wuri ɗaya.

Duba jimloli uku. "Musa leest vandaag de krant", Musa yana karanta jarida yau. Aikatau shi ne "leest", ga shi a gurbi na biyu. In an fara da "yau" sai a ce "Vandaag leest Musa de krant": Musa ya koma baya, aikatau yana nan daram a gurbi na biyu. Amma da zarar an sako "dat", wadda ta yi daidai da "cewa" tamu, sai ya tsallaka can ƙarshe: "dat Musa vandaag de krant leest". To ina gidansa na asali, gurbi na biyu ko ƙarshe?

A 1975 Jan Koster ya ce ƙarshe ne, wato tsarin Holanci na asali shi ne aikau (mai yin aiki), karɓau (wanda aiki ya faɗa wa), sannan aikatau. Hujjarsa mafi ƙarfi tana cikin aikatau masu rabewa biyu. "Opbellen" shi ne kiran mutum a waya. A ganga dogarau, wato irin mai farawa da "dat", a haɗe yake zuwa: "dat Musa Binta opbelt". A ganga tsayayye kuwa sai "Musa belt Binta op". "Belt" ya yi gaba, "op" ya tsaya a ƙarshe kamar takalmin da aka cire a bakin ƙofa, yana nuna inda mai shi ya tsaya kafin ya wuce ciki. Daga baya Hans den Besten ya bayyana dalilin da ya sa aikatau ba ya tashi in "dat" tana nan: kujera ɗaya suke takara a kanta, in ta riga shi zama ba shi da wurin zuwa. Shaidar haka tana cikin jimlar sharaɗi. Ana cewa "Als hij komt, dan eten we", in ya zo sai mu ci abinci. Ana kuma iya jefar da "als" a ɗora aikatau a mazauninta, "Komt hij, dan eten we", ma'ana ba ta canza ba. Ba a rufe babin ba fa. A 1993 Jan-Wouter Zwart, a kundin digirinsa na uku a Jami'ar Groningen, ya juya maganar, ya ce aikatau a gaba yake tun asali, karɓau ne ke matsowa hagu. In za ka yi rubutu a kan wannan, karanta ɓangarorin biyu kafin ka ɗauki ɗaya.

Kada ka ɗauka abin ya yi mana nisa. Mu ma in muka ciro kalma muka kai ta goshin jimla, sai an ga tabo. "Yara sun sayi jarida", amma "Jarida yara suka saya": "sun" ta koma "suka", "sayi" ya koma "saya". Su tabonsu a mazaunin aikatau yake, namu a lamiri da ƙarshen aikatau. A ganina wannan kwatanci kaɗai ya ishi ɗalibi babi guda mai kyau.

Ga mai koyon harshen kuma, nan ne ake yawan tuntuɓe. Bahaushe zai so ya ce "Vandaag Musa leest de krant" saboda muna cewa "Yau Musa yana karanta jarida", kuma kuskure ne. Sai kuma "want" da "omdat", duka biyu "saboda" suke nufi, amma "want hij is ziek" ake cewa, "omdat hij ziek is" ake cewa, saboda ba shi da lafiya. Ta farko ba ta taɓa mazaunin aikatau, ta biyu tana kora shi ƙarshe.

Malam, aikina rubuta manhajar kwamfuta. Na ji an ce wata jimlar Holanci ta taɓa karya ƙa'idar lissafi da ake son auna harsunan duniya da ita. Da gaske ne? (Injiniya, Riyad)

Akwai ƙamshin gaskiya, sai dai ba Holanci kaɗai ya gama aikin ba. Ga irin jimlar: "dat Musa Binta de kinderen zag helpen zwemmen", cewa Musa ya ga Binta tana taimaka wa yara su yi iyo. A Hausa kowane suna yana maƙale da aikinsa. A Holanci sunaye uku ne a jere, sannan aikatau uku a jere. Suna na farko da aikatau na farko, na biyu da na biyu, na uku da na uku. In ka ja layuka tsakaninsu sai su gitta wa juna kamar saƙar tabarma. Jamusanci yana jera nasa aikatau da baya-baya, don haka layukansa ƙwarya cikin ƙwarya ne, ba gittawa.

Nau'in nahawun lissafin da ka sani, wanda ake fayyace harsunan manhaja da shi, yana iya ƙwarya cikin ƙwarya komai zurfinta, amma ba ya iya saƙar tabarma marar iyaka. Riny Huybregts ya nuna wannan da Holanci tun 1976. Aka yi masa gardama, domin sunayen Holanci ba sa ɗauke da alamar da za ta tabbatar da wane aikatau ne ya mallaki wane suna. A 1985 Stuart Shieber ya kawo Jamusancin Suwizalan, mai irin wannan gittawa tare da alamar i'irabi a kan sunaye, wato alamar da ke nuna aikin suna a jimla, shi ne ya kashe bakin gardamar. Wani abin sha'awa, gwajin da Emmon Bach da abokan aikinsa suka buga a 1986 ya nuna cewa masu Holanci sun fi saurin gane saƙarsu a kan yadda Jamusawa ke gane tasu ƙwarya cikin ƙwarya.

Jerin aikatau ɗin nan ma ba iri ɗaya ba ne a ko'ina. Ana cewa "dat hij heeft gewerkt", ana cewa "dat hij gewerkt heeft", cewa ya yi aiki, duka biyu karɓaɓɓu. Na farko ana ce masa jan jeri, na biyu koren jeri, saboda launukan da Anita Pauwels ta shafa a taswirarta ta 1953. In aikatau uku ne, kamar "moet kunnen zwemmen", dole ya iya iyo, lissafi ya ba da jeri shida. In aka ba su lamba yadda suka zo a nan, daidaitaccen harshe yana bin 1-2-3, a Friesland can arewacin Holan 3-2-1 ake yi, amma 2-1-3 masu binciken kare-karen harshen ba su same shi a irin wannan jimla ba. Gurbin da ya zauna fayau ɗin nan ya jawo rubuce-rubuce da yawa, don duk mai ra'i sai ya faɗi abin da ya hana shi cika.

Malam, jikokina suna Rotterdam da iyayensu. 'Yata ta ce malamar makaranta tana ƙorafin yaran suna rikita "de" da "het", har ana ba ta shawarar ta daina yi musu Hausa a gida. Ta daina? (Hajiya, Makka)

Hajiya, Allah ya raya su. Kada ta daina. Bari in faɗi inda matsalar take.

Sunayen Holanci jinsi biyu ne: masu "de" da masu "het", kalmomin da ake sa wa a gaban sunan da aka ayyana. Ba namiji da mace ba ne irin namu, domin maza da mata duk sun taru a "de", "de man", "de vrouw", sauran kuma "het". Masu "de" sun fi yawa ƙwarai, kusan kashi uku cikin huɗu. Jam'i duk "de" ne: "het huis", gida, amma "de huizen", gidaje. Kusan haka muke yi, inda jam'i ke ɗaukar "ne" ko da tilonsa "ce" yake ɗauka: riga ce, riguna ne. Sannan "een", wadda ake sa wa sunan da ba a ayyana ba, ba ta nuna jinsi ko kaɗan. Kin ga kenan kunnen yaro "de" yake ta sha daga kowane ɓangare. Yaran da Holanci kaɗai suke ji ma suna cewa "de" a inda ya kamata "het" har wajen shekara shida. Binciken Leonie Cornips da Aafke Hulk a kan yara masu harshe biyu ya nuna su sukan ɗauki lokaci fiye da haka, kuma abin da ya fi tasiri shi ne shekarun da yaro ya fara jin Holanci da yawan wanda yake ji. Maganin shi ne a ƙara musu Holanci mai kyau, ta karatun littafi da zama da masu harshen. Rage Hausa ba zai koya musu "het" ko ɗaya ba.

Ga abin da uwar za ta iya yi. Kowane sabon suna a koye shi da rakiyarsa, kada a ce "boek" tsura, a ce "het boek". Akwai rukunan da ba sa saɓawa ko kuma da wuya su saɓa. Duk sunan da aka ƙanƙanta da "-je" na "het" ne, shi ya sa yarinya take "het meisje". Haka sunayen harsuna, "het Arabisch". Ƙarafa, "het goud", zinariya. Aikatau da aka mayar suna, "het eten", abinci. Masu ɗafa-ƙeyar "-ing", "-heid" da "-tie" na "de" ne. Harɗaɗɗen suna kuwa jinsin kalmar ƙarshe yake bi: "het boek" da "de kast" sun ba da "de boekenkast", kabad ɗin littattafai.

Dalilin da malamar ta damu shi ne kuskuren ba ya tsayawa a kalma ɗaya. Jinsin ne ke zaɓar "dit" ko "deze" (wannan), "dat" ko "die" (wancan), har da ƙarshen sifa: "een grote man", babban mutum, amma "een groot huis", babban gida. In tushen ya karkace duk waɗannan sai su bi shi.

In sun girma ta ji suna cewa "die huis" da abokai, ta saurara ta ji ko a makaranta ma haka suke yi. Masu bincike sun tarar da samarin unguwannin baƙi da suka san daidai sarai, suna yin hakan da gangan a tsakaninsu don ya zama tambarin ƙungiya.

Shin masu wannan bincike ba ɓata harshe suke yi ba, tunda har kuskuren mutanen kasuwa suke rubutawa? (Malamin Larabci, Madina)

Malam, kai ne ma ya kamata ka fi kowa ba su uzuri. A Larabci, "ma" ta korewa a bakin Hijazawa tana nasabta habari, kamar "ma haza basharan" a Suratu Yusuf aya ta 31, ta Banu Tamim ba ta yi, kuma Sibawaihi, babban malamin nahawun Larabci, ya kawo duka biyun. Luggar "akaluni al-baragis" ma, wadda ke sa wa aikatau alamar jam'i alhali aikau yana biye, ba a share ta daga littattafai ba, an rubuta ta, an jingina ta ga ƙabilun da ke yin ta. Aikin kenan.

Misali daga Holanci. "Hen" da "hun" duk "su" suke nufi, amma ƙa'idar makaranta ta ce "hen" na karɓau kai tsaye ne, "hun" na karɓau kaikaitau. Wannan rabo Christiaen van Heule ne ya tsara shi a nahawunsa na 1625 yana kwaikwayon Latin, kuma har yau masu ilmi suna tuntuɓe a kansa. A gefe guda mutane da yawa a Holan suna cewa "hun hebben gelijk", suna da gaskiya, inda ƙa'ida ta ce "zij hebben". Ana ƙyamar wannan sosai. Amma Helen de Hoop da abokan aikinta a Nijmegen sun nuna a 2011 cewa "hun" in ta zo a aikau masu rai take nufi, alhali "ze", wata sigar "zij", tana iya nufin mutane ko kaya. Ashe akwai aikin da take yi wa masu faɗinta. Haka a garin Katwijk na Holan ana cewa "dat ik kom", cewa ina zuwa, amma "datte we komme", cewa muna zuwa, wato "cewa" kanta tana ɗaukar alamar jam'i. Kada ka haɗa ta da "annahum" (cewa su), domin a Larabci lamirin ne ya manne, a can kuwa "we" tana nan tsaye daban.

Sanin dalili bai ɗauke hukuncin jarrabawa ba. Mai rubuta takardar neman aiki ya rubuta "zij hebben", kamar yadda Bazazzagin da ke cewa "mace ne" a gida zai rubuta "mace ce" a takarda.

Ban iya Holanci ba, ba ni da halin zuwa can. Daga ina zan fara? (Ɗaliba, Makka)

'Yar'uwa, akasarin kayan aikin kyauta ne a intanet. Jerin littattafan Syntax of Dutch na Hans Broekhuis da abokan aikinsa, da suka fara fitowa a 2012, da Turanci suke, kowane misali da fassararsa kalma-kalma. Shafin Taalportaal ma da Turanci yake, ya haɗa Holanci da harshen Friesland da Afirkanci na Afirka ta Kudu. Babban nahawunsu da ake kira ANS, bugun farko 1984, na biyu 1997, yana intanet amma da Holanci. Taswirorin kare-karen harshe suna DynaSAND na Cibiyar Meertens da ke Amsterdam. In rumbun jimloli kike so, CGN na magana ne, kalmomi kusan miliyan 9 da aka tattara tsakanin 1998 da 2004. SoNaR na rubutu ne, miliyan 500.

Hattara biyu. CGN ya kwana biyu, ba zai ba ki maganar samarin yau ba. Sannan akasarin fiɗar jimlolin manyan rumbuna na'ura ce ta yi, tana kuma kuskure. Kafin ki dogara da kowane adadi, ɗebi jimla 100 daga sakamakon ki duba su da ido, ki rubuta nawa ne suka shigo bisa kuskure.

Malam, ina so in yi irin wannan bincike a kan Hausar da ake yi a Makka. Yaya suka yi nasu, me zan ɗauka? (Ɗalibin digiri na uku, Makka)

Wannan tambaya ta fi duk sauran faranta mini rai, Allah ya yi maka jagora. Aikin da za ka duba shi ne SAND, taswirar ginin jimlar kare-karen Holanci, wadda Sjef Barbiers ya jagoranta, juzu'i na farko 2005, na biyu 2008. Garuruwa 267 suka bi a Holan da Beljiyam da wani lungu na arewacin Faransa. Mataki uku suka yi: takardar tambayoyi da farko don a gano inda bambanci yake, sai hira baki da baki, sai kira ta waya don cike giɓi. Sun zaɓi dattawa 'yan shekara 55 zuwa 70 waɗanda aka haifa a garin suka kuma zauna a cikinsa. Dabaru biyu nasu su ne zinariyar aikin. Ɗan gari mai karin harshen ne ke yin tambayar, don in baƙo mai daidaitaccen harshe ya yi, mai amsa sai ya gyara bakinsa ya bi shi. Kuma ba sa cewa "wannan daidai ne?", sai dai "ana faɗin haka a nan garin?", domin tambayar farko hukuncin makaranta take tasowa.

Sharaɗin ɗan gari ba zai zauna maka yadda yake ba. Hausar Makka taron kare-kare ce: zuriyar Sakkwatawa, Kanawa, Katsinawa, Damagarawa, da waɗanda kakanninsu suka yi shekaru a Sudan a kan hanyar hajji kafin su ƙetaro. Saboda haka maimakon taswirar garuruwa, yi jadawalin asali da tsara. Shawarata, ɗauki asali biyu kawai, yamma da gabas, da tsara uku: wanda ya zo da girmansa, wanda aka haifa a nan, da jika. Rukuni shida kenan. Mutum huɗu a kowane rukuni, maza biyu mata biyu, ya ba ka 24. Ya ishi kundi, kuma mutum ɗaya zai iya gama shi.

Kada jimlolin gwaji su wuce 30, dattijo yana gajiya, in ya gaji kuma komai ka faɗa "haka ne" zai ce. Zaɓi abubuwan da aka riga aka san kare-karenmu sun saɓa a kansu: "muka" da "munka"; dirka "ne, ce" da "na, ta"; "ya faɗa wa Audu" da "ya faɗa ma Audu"; "rigar Bello" da "rigab Bello" da "rigan Bello"; da jerin Bausanci, "ya wanke mota wa sarki", inda Bakano zai ce "ya wanke wa sarki mota". Ƙara da yadda aikatau na Larabci ke shiga jimlar Hausa, ko kai tsaye ko ta hanyar "yi". Littafin Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Khartum a kan Hausar Sudan da yadda ta saje da Larabci, na 1999, zai nuna maka irin abin da za ka sa wa kunne.

Ga inda aiki ke lalacewa. In ka ba mutum jimlar Larabci ka ce ya fassara, jerin Larabcin zai biyo shi cikin Hausar, ka zo kana murna ka gano sabon tsari alhali kai ka shuka shi. Fara da hira ta sakin jiki ta minti 20, girki ko sana'a ko biki, sannan hotuna ya bayyana abin da ya gani, fassara ta zo ƙarshe. Mace ta yi wa mata tambaya. Nemi izinin jami'arka da na mai magana kafin ka kunna na'ura, kada ka tambayi cikakken suna ko maganar iƙama, sa wa kowa lamba. In mutum ya tsargu, Larabci zai koma ko ya yi shiru. Ɗauki sauti a tsarin WAV, wanda ba ya matse sauti, domin saƙon murya na WhatsApp yana matse sauti, ga shi kana bukatar tsawon wasali don rarrabe "ya" ta "ya tafi" da ta "shi ne ya tafi". Manhajar ELAN ta rubuta hira da Praat ta auna sauti duk kyauta ne, duk kuma a Holan aka ƙera su. Ware wa kowace awa ɗaya ta hira kwana biyu zuwa uku na rubutawa.

Kana da wata dama da masu SAND ba su samu ba. Kowace shekara alhazai da masu umara suna kawo maka Hausar gida har ƙofa. Yi wa mutum huɗu daga yankin Sakkwato da huɗu daga yankin Kano jimlolin nan 30, ka ajiye amsarsu a jadawali daban a matsayin ma'auni. In jikan Basakkwace a Makka ya ce "muka", alhajin da ya sauka daga Sakkwato jiya ya ce "munka", ka san a nan aka yi canjin, sai ka koma layin iyayensa ka ga a wace tsara ya faru.